Yadda Ake Fita Kallon Tsuntsaye a Zariya da Farkon Hunturu

Tun da iska ta juya aka fara ganin hazo da safe, tambayoyin da ake aiko mini kusan iri ɗaya ne: ina ake zuwa, da ƙarfe nawa, me ake riƙewa, kuma yaya mutum zai gane tsuntsun da ya gani. Lokacin tambayar ya yi daidai. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba ciyawa ta bushe, an girbe dawa, ganye ya fara zuba, ruwan kududdufai ya ja baya, don haka duk mai fuffuke yana taruwa inda sauran ruwa da 'ya'yan itace suke. A daidai wannan lokaci ne kuma baƙin da suka ƙetaro Sahara daga Turai suke nan tare da mu, ba za su koma ba sai wajen Maris da Afrilu. Ga yadda ake yi, mataki bayan mataki.

1. Zaɓi wuri ɗaya

Sabon shiga yakan so ya zagaye gari a fita ɗaya. Kada ka yi haka. Zaɓi wuri guda wanda ya haɗa ruwa, manyan itatuwa da ɗan fili, ka riƙa komawa can.

A Samaru, dam ɗin Jami'ar Ahmadu Bello da ke kan rafin Kubanni shi ne ya fi sauƙi ga mai farawa, ga kuma lambun itatuwa na jami'ar. Wanda ke Sabon Gari ko Tudun Wada, fadamun bakin kogin Galma sun fi masa kusa. Akwai dam ɗin Shika. Mai son tsuntsayen dutse sai ya nufi gindin Kufena ta wajen Wusasa, amma wannan ba na fitar farko ba ne. Ko a cikin birni, tsohuwar cediya ko rimi ɗaya a bakin kududdufi na iya ba ka aikin awa biyu.

Gargaɗi: wurin da ke da ƙofa da masu gadi, nemi izini tun kafin ranar, ka tafi da katin shaidarka. Kada ka ɗaga madubin hangen nesa ko kyamara kusa da barikin soja, ko filin jirgin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ko shingen jami'an tsaro, komai kyan tsuntsun da ya sauka a wurin. Bayan gari kuwa, a halin da ake ciki ba a zuwa shi kaɗai. Ku tafi ku biyu ko uku, ku fara gaida mai unguwa ko 'yan sintirin wurin, ku nuna musu littafin gane tsuntsaye da hotunan da ke ciki. Baƙon da aka gani yana leƙe-leƙe yana rubutu a bakin gona, ba abin da zai fara zuwa zuciyar mutane sai infoma.

2. Kayan aiki da abin da za su ci

Abin da ya fi cin kuɗi shi ne madubin hangen nesa. A jikinsa za ka ga lamba biyu, misali 8x42. Ta farko tana nufin yana kusanto da abu sau 8, ta biyu faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. Nemi 8x42 ko 8x32. In ka samu 10x42 ma ya yi, sai dai ya fi nuna rawar hannu. Waɗanda ake tallatawa da manyan lambobi irin 20x50 ko sama da haka, masu jan gilashi, kyale su ko da an karya maka farashi: hoton yana rawa, filin da kake gani ƙanƙane ne, kafin ka samo reshen tsuntsun ya tashi.

Farashi yana bin dala, don haka tambayi wuri biyu ko uku kafin ka biya. Na hannu mai kyau ya fi sabo na banza. Ka gwada shi a wajen shago, ba a ciki ba. Kalli turken lantarki mai nisa da ido biyu: in ka ga turke biyu, ko ka ji idonka yana ja bayan ɗan lokaci, gilasan sun goce, kuma gyaransu wuya gare shi. Juya shi ta gaba ka haska da fitilar waya, ka duba ko akwai ƙura ko fumfuna a ciki. Murza abin saitawa na tsakiya ka ji ko yana tafiya sumul.

In babu kuɗin yanzu, fara da ido. Mutum uku ma na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya.

Sauran kaya ba su da tsada: ƙaramin littafin rubutu, fensir, ruwan sha, hula, takalmi rufaffe, rigar sanyi wadda za ka iya cirewa in rana ta ɗaga, da man leɓe. Tufafi su zama masu duhu-duhu, ruwan ƙasa ko ruwan toka ko kore. Farar shadda mai sitati a bar ta sai Juma'a, tana ƙyalli tana kuma ƙara in ka motsa.

Littafin gane tsuntsaye da aka fi amfani da shi a yankinmu shi ne Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey. Yana da tsada, amma ɗaya ya ishi ƙungiya. A waya akwai manhajar Merlin, kyauta ce. Sauke kundin yankinmu tun kana gida inda sabis yake da ƙarfi, domin ya yi aiki ko babu intanet. Sai dai kada ka dogara da sashenta na gane kuka, ya fi ƙwarewa a tsuntsayen Amurka da Turai.

3. Saita madubin tun a gida

Idanun mutum biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba, shi ya sa ake saitin nan, kuma sau ɗaya ake yinsa.

Lanƙwasa madubin har da'ira biyun su haɗe su zama ɗaya. Rufe gilashin dama na gaba da tafin hannu, ka kalli rubutun wani allo mai nisa, ka murza na tsakiya har ya fito tar. Sai ka rufe na hagu, ka bar na tsakiya yadda yake, ka murza ɗan zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya fito. Shi ke nan, daga yanzu na tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa. Mai sa tabarau ya danne robar bakin idon ƙasa.

Sannan ka koyi ɗagawa. Kafa idonka a kan abin, kada ka sunkuya ka dubi madubin, ɗago shi ya zo ya sami idonka. Gwada da kurciyoyin kan katanga har hannu ya saba.

Gargaɗi: ƙurar hunturu yashi ce mai laushi. In ka goge gilashi da bakin riga, ka kankare shi. Hure ƙurar tukuna, sannan ka shafa da tsumma mai laushi. Kada kuma ka taɓa kallon rana da shi.

4. Lokacin fita

A watannin nan rana tana fitowa a Zariya tsakanin shida da kwata da bakwai saura kwata. Ka yi sallar asuba, ka karya, ka isa wurin tana fitowa. In sanyi ya yi tsanani ƙananan tsuntsaye ba sa saurin motsi, za ka gan su a ƙolin itace sun kumbura gashi suna shan hantsi, kuma wannan ne lokacin da suka fi tsayawa a kalle su. Daga bakwai zuwa tara da rabi kasuwar take ci. Goma na yi iska ta taso, sai a koma kallon sama, don lokacin ne shirwa da sauran masu farauta suke hawa iska mai ɗumi. Da yamma akwai zagaye na biyu, daga bayan la'asar zuwa magariba.

Ranar da hazo ya yi kauri, launi yana dushewa, komai ya koma toka-toka. Ba sai ka fasa ba, amma ka nemi na kusa.

5. Tsayuwa

A nan yawancin mutane suke faɗuwa. Sun iso, sun kama tafiya suna hira, bayan awa ɗaya su ce babu komai sai balbela.

Da ka isa, ba rana baya. Da safe ke nan ka tsaya ta gabas kana kallon yamma, in ba haka ba duk tsuntsun da ka gani baƙi ne. Nemi gindin itace ko jikin tudu ka jingina, domin kada siffarka ta fito fili a sararin sama. Sa wayar a shiru. Sai ka zauna minti 15 ba ka yi komai ba. Minti biyar na farko wurin zai yi tsit, saboda sun gan ka. Bayan nan za ka ji ƙaramin motsi a busasshen ganye, jajayen 'yan tsuntsayen nan da ke shiga gidaje su sauko su ci gaba da tsince-tsince, tare da shuɗɗan da namijinsu yake da jan ɗigo a kumatu. Can cikin ciyawa ragon maza zai saki kukansa mai kama da ana tuttule ruwa daga gora, in ka yi haƙuri ya fito ya hau kan kara: fuffuke ja, kai da wutsiya baƙaƙe, ƙirji fari, ido jawur. Duk wannan mai tafiya ba ya gani.

In za ka matsa, yi taku kaɗan ka tsaya. Kada ka nufi tsuntsu kai tsaye, bi ta gefe kamar ba shi ne a gabanka ba. Ya daina cin abinci ya miƙe wuya, to ka kai iyaka.

In kuna da yawa, ba a nuni da hannu. A faɗa da baki a hankali: gawon can, reshen dama, ƙasa da inda ya karye.

Gargaɗi: fadama gonar mutane ce. Yanzu ne ake dashen tumatir da albasa. Yi sallama, ka ce sannu da aiki Baba, ka bi kan kunya ko hanyar ruwa, kada ka taka fangali. Ribar gaisuwar ma tana da yawa, domin mai lambu da makiyayi sun san inda makwarwa take kwana da inda mujiya take wuni.

6. San itatuwan da ake dubawa

Ba kowane itace ne yake da baƙi ba. Gawo shi ne na farko a wannan lokaci, don shi da rani yake fitar da ganye da fure sa'ad da saura suke zubarwa. Furen yana tara ƙwari, ƙwarin suna tara ƙananan baƙin Turai masu launin ganye-ganye, waɗanda wasunsu nauyinsu bai wuce giram 10 ba amma sun ƙetare Sahara. Baure, cediya, durumi da gamji, duk wanda ya nuna a cikinsu tsaya a gindinsa: kulkulu, cilakowa, shaya mai sheƙi, da wata koriyar tantabara mai rawayan ciki wadda ba ka ganinta sai ta motsa. Kanya da magarya ma suna nuna yanzu. Inda kauci ya yi fure a jikin itace, ko gurjiya ta buɗe jajayen furanninta, nemi sha-zuma mai siririn baki. Giginya kuwa gidan tsattsewa ce, a ƙarƙashin ganyen take liƙa sheƙarta.

In ka hango hayaƙin ƙunar daji daga nesa, duba samansa. Shirwa da wani shuɗin tsuntsu mai dogayen gashin wutsiya biyu suna bin bakin wutar suna cafke fāra. Ka tsaya ta inda iska take fitowa, wutar hunturu gudu gare ta.

7. Yadda ake gane tsuntsu

Kada ka fara da launi. Launi yana canzawa da haske, da hazo, da shekaru, da lokacin shekara. Bi wannan jeri, kuma ka rubuta kafin ka buɗe littafi ko waya, don da zarar ka ga hoto zuciyarka za ta fara ƙara wa tsuntsun abin da ba shi da shi.

Girma: gwada shi da waɗanda ka sani, gwara, kurciya, hankaka, zabo. Baki: gajere mai kauri na cin tsaba ne, siriri na ƙwari, mai ƙugiya na nama, dogo mai tsini na kifi. Ƙafa da wutsiya: tsawo da launi. Abin da yake yi: tsalle yake ko taku, shi kaɗai ne ko cikin garke, a ƙasa ko a ƙoli. Sai wurin da ka gan shi. Launi ya zo ƙarshe, shi ma ka faɗi inda yake, a kai ne ko a fuffuke.

Ga misali a bakin dam. Farare uku suna tsaye, kowa ya ce balbela. Duba baki da ƙafa. Mai gajeren rawayan baki da ɗan kaurin wuya, wadda ke bin shanu, ita ce balbelar da ka sani. Siririya mai baƙin baki da baƙar ƙafa, in ta ɗaga ƙafar daga ruwa ka ga yatsun rawaya, wata ce daban. Ta ukun ta kusa zalɓe tsawo, wuyanta dogo mai lanƙwasa. Iri uku ke nan a inda da ka rubuta ɗaya. Shi kansa zalɓen iri biyu ne aka fi gani: mai farin kai da baƙin layi ta kan ido, wanda ba ya rabuwa da ruwa, da mai baƙin kai da ƙeya wanda yake farauta har cikin busasshiyar gona.

A nan bakin ruwan za ka ga kirinjijiya masu farar fuska suna fito in sun tashi, da zakaran ƙeƙuwa wanda zai tona maka asiri da ihu, da mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado, da baƙi-da-farin mai kamun kifi wanda yake tsayawa cak a iska kafin ya faɗo ruwa. Baƙin Turai kuma: ƙaramin mai ruwan ƙasa da farin ciki wanda ke bin gaɓa yana kaɗa gindi ba hutawa, da 'yan sirara masu rawayan ciki da doguwar wutsiya da ke yawo tsakanin ƙafafun shanu.

Kurakuran da aka fi yi a wannan wata guda uku ne. Na farko, neman jajayen tsuntsayen da suka cika gonakin dawa da damina. Suna nan, sun dai zubar da jan gashin sun koma kamar gwara, haka ma kabare ya rage rawaya. Garken ƙananan masu ruwan ƙasa a cikin kara, rubuta abin da ka gani ka wuce, ko gwanaye suna shan wuya da su. Na biyu, rubuta shamuwa. Shamuwa da damina take zuwa, yanzu ta yi kudancin Afirka, don haka sake dubawa. Na uku, buɗe littafi a zaɓi wanda ya fi kyau a shafin. Duba taswirar da ke gefen hoton tukuna, Najeriya tana da tsuntsaye sama da iri 900 kuma da yawansu na kurmin kudu ne. Tsakanin wanda aka saba gani da wanda ba a cika gani ba, ɗauki na farko sai in kana da hoto.

Hoton ba sai da babbar kyamara ba. Manna idon kyamarar waya a idon madubin, ka jingina gwiwar hannu a kan wani abu. Ba zai yi kyau ba, amma ya isa shaida.

8. Bakin kwazazzabo da gindin dutse

Inda ruwa ya zaizaye ƙasa ya bar gaɓa a tsaye, duba ko akwai ramuka jere. Na wasu korayen tsuntsaye ne masu jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma. Suna haƙa ramin tun ƙasa tana da danshi a ƙarshen damina, su yi ƙwai da rani. A kewayen Zariyan nan ne Hilary Fry, wanda ya koyar a jami'a a shekarun 1960, ya yi bincikensa a kansu. Zauna nesa a ƙetaren kwazazzabon, kada ka hau saman gaɓar ta rufta musu, kada kuma ka nuna wa yara masu danƙo wurin.

A gindin dutse kunne ne yake aiki kafin ido. Kazar dutse tana kuka cikin ƙungiya da sassafe, in ta fito za ka ga ta ɗaga wutsiya kamar 'yar kazar gida. Shaho yana zama a kan gaɓar dutse.

9. Sauran namun

Kada ka sa rai da manyan dabbobi. Kurege ne za ka fi gani, da hantsi, ya miƙe a kan ƙafa biyu. Guza tana shan rana a bakin ruwa, damo kuwa ya shige rami sai damina. Zomo da bushiya da tunku sai dai sawu, don haka duba laka da ƙurar hanya da sassafe kafin shanu su bi. Ajiye fensirinka a gefen sawun ka ɗauki hoto domin a san girmansa. Da magariba jemagu suna tashi daga manyan itatuwa, yautai kuma ya sauko ya kwanta a kan turba.

In ka ga ungulu, rubuta wuri da adadi. Da can ba mai kallonta a mahauta, yanzu tun 2015 tana jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Gargaɗi: kububuwa da kasa suna kwanciya a busasshen ganye da ƙarƙashin duwatsu. Kada ka sa hannu a rami ko kogo. In tsautsayi ya faɗa, ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana wurin motsi, a nufi babban asibiti kai tsaye, irin asibitin koyarwa na Shika. Kada ka shiga ruwan dam ko kududdufi, ta nan ake ɗaukar tsargiya. Mataccen tsuntsu kuma ba a taɓa shi da hannu saboda murar tsuntsaye, wadda a jihar Kadunan nan aka fara tabbatar da ita a Najeriya a 2006.

10. Rubuta, ka aika

Kafin ka bar wurin, rubuta kwanan wata, sunan wuri, lokacin farawa da gamawa, yanayin hazo da iska, sannan kowane iri da adadinsa. Wanda ba ka gane ba, bar shi da bayaninsa da alamar tambaya. Rubuta sunan Hausa da mutanen wurin suka ba ka a gefen na littafi, domin suna yakan bambanta daga ƙauye zuwa ƙauye.

In hannunka ya faɗa, sa lissafin a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye suke tara lissafinsu. Akwai kuma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta tun 2015, da manhajar BirdLasser ake yinsa. An yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, ana so ka yi aƙalla awa 2 kana kallo a cikin gida ɗaya, kuma kati ɗaya, wato lissafi ɗaya da ake aikawa, ba ya wuce kwana 5. In ka ci karo da tsuntsu mai zoben ƙarfe a ƙafa, kwafe lamba da adireshin da ke jiki daidai yadda suke, ka haɗa da wuri da kwanan wata ka aika musu.

Mako mai zuwa ka koma wurin nan dai, a lokaci ɗaya, ka zauna a gindin itacen da ka zauna, ka buɗe sabon shafi kusa da na yau domin ka ga wanda ya ƙaru da wanda ya tafi.